Malam Cigaba da Shafin Kowa-da-Kowa

Tun ranar da Malam Cigaba ya dawo daga taron bita, kunnuwan ofishin malamai ba su sake hutawa ba. Taron bai kai mako guda ba, amma in ka ji yana ba da labari sai ka rantse digiri ya je ya ƙaro. Shi malamin labarin ƙasa ne, sunan nan kuwa ɗalibai suka laƙaba masa, don ba ya iya haɗa magana biyu bai ce "a wuraren da aka ci gaba" ba. Da sunan ya zo kunnensa bai ji haushi ba, cewa ma ya yi yaran suna da basira.

Abin da yake hari kowa ya sani, makullin ɗakin kwamfuta ne. Mai riƙe da shi ya yi ritaya, kuma kaf makarantar ɗakin nan kaɗai ke da iyakwandishan, da kafet, da kujera mai juyawa. Ofishin malamai kuwa teburi ɗaya ne dogo, da fankar da ta fi ƙwarewa a kuka fiye da ba da iska, kowa gwiwar hannunsa a kan takardun maƙwabcinsa. Shugaban makaranta ya ce ranar taron iyaye, a ƙarshen zango, zai miƙa makullin ga malamin da ya nuna ya san amfanin ɗakin. Malam Cigaba yana son makullin nan har cikin ransa.

"Wiki zan buɗe wa ajina," in ji shi wata safiya, yana buga teburi har shayin mutane ya yi tsalle. "Shafi ne a intanet, na kowa da kowa. Wannan ya rubuta, wancan ya gyara, waccan ta ƙara. Kafin zango ya ƙare yarana sun rubuta littafin labarin ƙasa da hannunsu."

Malamar Lissafi, wadda ke zaune kusa da shi tana duba jarrabawa, ba ta ko ɗago kai ba.

"To me ka gaya musu za su rubuta, me kuma ba za su rubuta ba?"

"Kin ji ki! Doka, doka, kullum doka. A wuraren da aka ci gaba ba a ɗaure wa yaro tunani."

"A wuraren da aka ci gaba ba su da 'yan ajinka, Malam."

Ya yi dariya irin ta tausayi, ya ari makullin a wurin shugaba, ya kwashi yaransa ya nufi ɗakin kwamfuta. A cikinsu har da 'yarsa ta fari, wadda a makaranta take kiransa Malam, a gida Baba. Ya buɗe shafin, fari fat, ya ware hannuwa.

"Ga fili nan, naku ne!"

Monita, yarinyar da ba ta barin magana a rufe, ta ɗaga hannu.

"Malam, me za mu rubuta?"

"Komai."

"Wa zai duba?"

"Kowa."

"Da maki a ciki?"

Wannan bai yi tunaninsa ba. Amma Malam Cigaba bai taɓa barin tambaya ta same shi babu amsa ba, don haka nan take ya yanke hukunci cewa duk wanda ya gyara kuskure yana da maki. Yara biyu a bencin baya suka dubi juna.

Ba a jima ba harka ta kankama. Ɗaya daga cikin 'yan bencin baya zai rubuta cewa kogi daga teku yake tasowa ya hau dutse, ɗayan ya bi baya ya gyara, sai su yi musanya. Sauran aji suka gano dabarar. Kuskure ya zama kayan nema, ana roƙonsa kamar aron biro. Sai ka ji yarinya tana ce wa ƙawarta, "Don Allah ɓata mini shafin hamada in gyara, ni ma gobe na ɓata miki na tsibiri." Malam Cigaba yana ganin gyare-gyare suna ta hauhawa, shi kuma kansa yana ta kumbura.

"Ku zo ku ga aiki!" ya ce a ofis. "Yarana ba sa barin kuskure ya kwana."

Malamar Lissafi ta duba wayarta. "Shafinku ya ce ƙanƙara a ƙarƙashin ƙasa take nuna, kamar dankali."

Ya leƙa tasa wayar. "An gyara!"

"An mayar."

"An sake gyarawa!"

"Allah ya ba da lada. Amma yaron da ya karanta tsakanin gyara da gyara, me zai rubuta a jarrabawa?"

Maganar ta soke shi, sai dai bai nuna ba. Washegari ya shiga aji fuska a ɗaure, ya ce tun farko dama yana da niyyar kafa doka, jira yake ya ga hankalinsu. Ya buɗe sabon shafi a cikin wikin, ya sa masa suna Dokokin Aji, ya rubuta guda biyu. Ta farko, kada kowa ya rubuta sai abin da ya gani da idonsa. Ta biyu, kada kowa ya goge aikin wani. Da ya tsaya nan da sauƙi, amma daɗin jin muryarsa ya ɗebe shi.

"Daga yau abin da ke cikin shafin nan shi ne doka, ba abin da wani ya faɗa da baki ba. Ni kaina dokar tana kaina. In na karya, ku kai ni gaban shugaba."

"Malam, alkawari?" in ji Monita.

"Alkawari, a gaban kowa."

Wani daga bencin baya ya ɗaga hannu. "Malam, ni ban taɓa ganin dutse mai aman wuta ba."

"To kada ka rubuta."

"Teku fa?"

"Na ce abin da ka gani!"

Yaran kuwa suka bi doka sau da ƙafa. Aka yi watsi da teku da hamada, kowa ya koma kan abin da idonsa ya gane masa, kuma idon yara yana gani da yawa. Ga shi tun makon farko Malam Cigaba ya riga ya raba wa iyaye da 'yan unguwa adireshin shafin, don su shiga su ga ci gaba.

Wata yamma yana zaune a falo, matarsa tana gefe tana taka keken ɗinki, aka buga ƙofa kamar za a cire ta. Mai askin layinsu ne, da mai shagon da ke kwanar layin a bayansa, kowa riƙe da waya.

"Malam, ni na taɓa yi maka laifi?" in ji mai aski. "Ko sau ɗaya na taɓa yankar maka kunne? An rubuta a abin nan naka wai tun da na buɗe shago tawul ɗaya nake goge wa kowa wuya!"

"Ƙarya aka yi maka?"

"Ba maganar ƙarya ake ba! Maganar wa ya aike su ake!"

"Ni kuma," mai shago ya kutso kai, "wai in zan auna sukari, babban yatsana ma yana hawa sikeli. Yau mata uku suka ce in auna hannuna a baya."

Malam Cigaba ya gyara tsayuwa. "Ku kwantar da hankalinku. Wannan ilimi ne, nazarin muhalli ake ce masa. A wuraren da aka ci gaba…"

"To ka koma can a yi maka aski," in ji mai aski, ya juya.

Da ya rufe ƙofa sai ya tarar keken ɗinki ya tsaya, matarsa ta duƙa a kan waya tana dariya har da hawaye. Ta gano wani shafi mai suna Gidanmu.

"Tsaya ka ji, Baban yara. 'Baba yana gwada jawabin karɓar makulli a gaban madubin Mama, in ya gama ya tafa wa kansa. In wayarsa ta rikice, Mama yake kai wa.'"

"Ke!" ya daka tsawa. 'Yarsa ta leƙo daga kicin da cokali a hannu. "Ke kika rubuta wannan?"

"Baba, da idona na gani. Doka ta farko."

Matar ta ci gaba da karantawa tana riƙe ciki, har ta kai inda aka ce Mama tana gaya wa masu ɗinki saura hannu ɗaya, alhali yadin ko yankawa ba a yi ba. A nan dariya ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

"Ka goge abin nan yau," ta ce, "ko ka nemi wani mai gyara maka waya."

Ya zauna ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, na mai aski, na mai shago, na gidansa. Da safe ya shiga ɗakin kwamfuta da ajinsa ya tarar komai ya dawo daram, don wiki ba ya mantuwa, abin da aka goge ana iya maido shi. Monita ta miƙe tsaye cikin ladabi.

"Malam, jiya an karya doka ta biyu. Mun mayar da aikin. Muna tambaya, mayarwar tana cikin gyaran da ake ba wa maki?"

Ya buɗe shafin dokoki don ya nuna mata iyakarta, sai ya ga shafin ya yi 'ya'ya. An ƙara cewa ba a ba da aikin gida ranar da aka yi zafi, haka ma ranar da aka yi sanyi. An ƙara cewa malami ba zai goge komai ba sai da yardar aji. Wani ma ya sa cewa kujera mai juyawa ta kowa ce, bi da bi za a riƙa hawa.

"Wa ya rubuta waɗannan?"

"Kowa, Malam."

"Na soke su!"

"Da baki, Malam? Ai ka ce abin da ke cikin shafi shi ne doka."

Ya ja kujera a fusace ya rubuta: Ba a ƙara wata doka. Kafin ya miƙe, wani ya ɗora mata: sai in ɗalibi ne. Ya tsaya yana kallon allon kwamfuta, yaran suna kallonsa da fuskoki irin na salihai. In ya goge, ya karya alkawari, kuma Monita ta san hanyar ofishin shugaba. Ranar dai haka ya koyar a tsaye, wani ɗan bencin baya yana juyi a kan kujerar.

Gaskiyar magana, akwai yadda ake kulle shafi, an kuma koyar a taron bita. Sai dai lokacin da ake wannan darasi Malam Cigaba yana waje yana ɗaukar hoto da masu shirya taro. Malamar Lissafi ta lura da yadda ya daina cika baki a ofis, ta ji tausayinsa.

"Kawo in nuna maka, wuri ɗaya ne za a danna, shafin dokokin ya zama kai kaɗai ke taɓawa."

Zuciyarsa ta ce ya miƙa. Amma ya tuna in ta nuna masa, kafin azahar labari ya kai kunnen shugaba, makulli kuma ya yi fiffike.

"Ki nuna wa wa? Ni? Malama, da gangan na bar shi a buɗe. Gwaji ne."

"To Allah ya sa a ci gwajin."

Da taron iyaye ya matso, sai ya ƙulla dabara. Ya zauna da kansa ya rubuta shafi guda mai kyau a kan ruwan sama, har da hoton gajimare, shi kaɗai zai nuna. Yara kuwa ya roƙi shugaba a jera su a gaban zauren taro, hannu a kan cinya, babu waya babu kwamfuta, wai don tarbiyya. Ya ji daɗin wayonsa ƙwarai, har ya sa aka goge masa farar riga.

Ranar taro zaure ya cika. Shugaba yana kan teburin gaba, makullin a ajiye kusa da kofin ruwansa, kowa yana ganinsa. Aka kunna majigi, shafin ruwan sama ya bayyana a bango, tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Malam Cigaba ya karɓi makirufo ya fara zuba. Ya yi bayanin tururi da gajimare, iyaye suna gyaɗa kai, shugaba ma har ya yi murmushi ya taɓa makullin da yatsa. Tafin farko da aka yi masa shi ya jawo komai, don daga nan bakinsa ya ƙwace.

"Kuma abin burgewar, jama'a, shafin nan ba na malami ba ne shi kaɗai. Ku da kuke zaune, kowa daga wayarsa yana iya shiga ya rubuta, yanzu-yanzu, mu gani a bango!"

Daga tsakiyar zaure mai aski ya miƙe, shi ma yana da yaro a makarantar.

"Au, har ni?"

"Har kai!"

"Ba karantawa kaɗai ba? In rubuta, kowa ya gani?"

A nan Malam Cigaba ya sha jinin jikinsa, amma magana ta riga ta fita. Ko'ina sai hannuwa suna shiga aljihu da jaka. A ƙarƙashin bayanin gajimare wani layi ya fara fitowa, harafi bayan harafi: Tawul ɗina uku ne yanzu, kuma ɗan mai shago ne ya rubuta waccan magana. Zaure ya ɗauki guna-guni. Ba a daɗe ba amsa ta biyo: Sikelina lafiyarsa lau, mai aski ya fara wanke na farkon tukuna.

"Jama'a, mu koma kan ruwan sama," in ji Malam Cigaba.

Wata uwa ta amsa kira. Ta rubuta cewa ruwan sama dai ta rufin ajin 'yarta yake sauka, kai tsaye kan littattafai, kuma da idonta ta gani. Shugaba ya ƙware da ruwan da yake sha. Wani uba ya rubuta yana tambayar wa ya koya wa ɗansa cewa ƙanƙara a ƙasa ake tono ta. Can sai ga sanarwa: Masu jiran ɗinki su zo, wallahi an yanka yadin. Malam Cigaba ya hango matarsa a layin baya tana mayar da waya cikin jaka, hankalinta kwance.

"Malam," in ji shugaba ƙasa-ƙasa, "kulle abin nan."

"Yanzu kuwa, ranka ya daɗe, abu ne mai sauƙi."

Ya danna wani wuri, haruffa suka ƙara girma, har na bayan zaure suka daina miƙa wuya. Ya danna wani, sai ga shafin Gidanmu ya buɗe. Da ya ga kalmar madubi ta fito, ya saki kwamfuta ya yi tsalle ya tsaya a gaban majigin, ya ware hannuwa don ya tare. Rubutun ya bar bango ya sauka raɗau a kan farar rigarsa.

"Malam, ɗan ja cikinka," wani ya ɗaga murya, "tumbinka ya lanƙwasa layi na biyu!"

Ya juya baya, aka ci gaba da karantawa a gadon bayansa, wanda ya ma fi faɗi. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta sa jikarta tana karanta mata da ƙarfi, har wurin tafa wa kai. Yaran da aka jera a gaba, hannu a kan cinya, ba wanda ya motsa, sai kafaɗu ke girgiza. Malam Cigaba ya duƙa ya fizge wata waya daga soket, fankokin zaure suka tsaya. Ya fizge wata, makirufo ya mutu. Majigin kuwa yana nan yana haska ƙeyarsa, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

Malamar Lissafi ce ta taso daga layin malamai, ta ɗora littafi a bakin majigin, ta ja kwamfutar ta danna wurin nan ɗaya. Wayoyi suka daina karɓar rubutu. Sai da aka ɗauki lokaci kafin a raba mai aski da mai shago, waɗanda suka koma yi da baki tun da shafi ya rufe.

Shugaba ya miƙe, ya share gumi, ya ɗauki makullin. Tun da makirufo ya mutu, da ƙarfi ya yi magana, kowa ya ji.

"Malam ya nuna mana abin da ɗakin nan zai iya haifarwa, mun kuma gani da idonmu. Malama, ungo."

Aka tafa. Malam Cigaba ma ya tafa, don idanu suna kansa.

Da aka dawo hutu ya kwaso ajinsa ya nufi ɗakin kwamfuta, yana gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa shi dama iyakwandishan mura yake sa masa, da gangan ya bar wa Malama. A jikin ƙofar ya ci karo da rubutu manya-manya: me ake rubutawa a shafin aji, me ba a rubutawa, wa ke dubawa kafin a saka, da kuma cewa ba a taɓa komai sai an tambaya. Malamar Lissafi tana tsaye da makulli a hannu, yara suna cire takalma a layi.

"Dokokin ba laifi," in ji shi, yana karantawa kamar mai duba jarrabawa. "Kusan abin da nake shirin yi ke nan. Na yara ne dai ko?"

"Har da malamai."

"Akwai 'yan wuraren da ke son gyara. Ina ake shiga a gyara?"

"Ba a shiga, Malam. Fenti ne."

Ya kai yatsa ya taɓa, ya bushe ƙam. Monita ta matsa gefe ta ba shi wuri a layi, ta nuna masa inda ake ajiye takalma.